Karatu, Rubutu da Tunani: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Aji

Da safe ina koyar da 'yan aji biyu na firamare. Bayan la'asar kuma ina da ajin manya a wata unguwa da ke bayan titin Bauchi a nan Jos, maza Litinin da Laraba, mata Asabar da Lahadi. Tambayoyin nan daga bakinsu suka fito, wasu kuma daga iyayen yarana na safe. Amsoshin na tsamo su daga abin da masu binciken harshe da ƙwaƙwalwa suka gano, na gauraya da abin da idona ya gani.

Malam, yaro na iya magana ba wanda ya koya masa. Me ya sa karatu sai an sha fama?

Saboda magana ta riga rubutu zuwa duniya nesa ba kusa ba. Ba a taɓa samun al'ummar da ba ta da harshe ba, amma al'ummomi da yawa sun yi shekaru aru-aru ba su san alƙalami ba. Rubutu mafi daɗewa da aka tono ya fito daga Sumer, a kudancin Iraƙi ta yau, wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na Masar ma kusan sa'ansa ne. Duk-duka shekara 5,000 da 'yan kai ke nan.

Dubi yaron da ya tashi a Bukuru. Hausa a gida, Berom wurin maƙwabta, broka a filin ƙwallo, kafin ya cika shekara biyar yana juya su duka, ba allo ba bulala. Wannan yaron dai, a kulle shi shekara goma a ɗakin da ya cika da littattafai, in ba a nuna masa cewa wannan zanen shi ne "ba" ba, ko kalma ɗaya ba zai karanta ba. Harshe da kansa yake tsirowa in ya sami ruwa. Karatu kuwa aure ake yi masa a jikin harshen, yadda masu lambu ke yi wa mangwaro, kuma auren ba ya kamawa sai uwar bishiyar na da ƙarfi.

To a ina karatun yake zama a cikin kai?

A 1892 wani likita a Paris, Jules Déjerine, ya ba da labarin wani ɗan kasuwa mai ilimi da jijiyar jini ta toshe masa a ƙwaƙwalwa, ya wayi gari ba ya iya karatu. Bai makance ba, yana gane mutane, yana magana sarai, lambobi ma yana karanta su. Abin al'ajabin shi ne yana iya rubuta wasiƙa cikakkiya, amma in aka miƙa masa ita daga baya sai ya tsaya yana kallonta kamar zanen lalle. Da ya rasu aka duba, sai aka ga ɓarnar a bayan ƙwaƙwalwa take, ta ɓangaren hagu.

A shekara ta 2000, Laurent Cohen da Stanislas Dehaene suka yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka nuna wani ɗan wuri a ƙasan ɓangaren hagu, can bayan kunne, wanda ke motsawa duk sa'ad da mai karatu ya ga kalma. Kusan wuri ɗaya ne ga mai karanta Faransanci da mai karanta Sinanci. Asalin aikin yankin gane siffar abubuwa ne da fuskoki, karatu ya zo ya kama haya a ciki. A 2010 Dehaene da abokan aikinsa suka gwada manya a Birazil da Fotugal: waɗanda ba su taɓa koyo ba, waɗanda suka koya da girmansu, da waɗanda suka koya tun suna yara. Iya ƙarfin karatun mutum, iya ƙarfin motsin wurin nan in ya ga harafi, motsinsa ga fuskoki kuma ya ɗan ragu. Ɗan haya ya matsa wa mai gida.

Wanda ya taɓa zuwa makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, ya ga yara na karatu da yatsa a kan ɗigo shida na Braille. Wani bincike na 2011 ya nuna cewa waɗanda aka haifa makafi ma wurin nan ne ke musu aiki in suna karatu. Ashe ba ta ido kaɗai ake shiga ɗakin ba.

Ɗana yana juya b da d. Akwai matsala?

In bai wuce shekara bakwai ba, kwantar da hankalinki. Buta ko ta fuskanci gabas ko ta fuskanci yamma buta ce, haka idon ɗan Adam ya saba ganin duniya. Sai ga malam ya zo ya ce wannan sandar in tumbinta na dama b ce, in na hagu d ce. Yaron sai ya warware wata tsohuwar ɗabi'a kafin ya yarda. Namu yaran nauyinsu ya ma fi, tunda ga ɓ ga ɗ a kai. Yawan rubuta su da hannu ana faɗin sautinsu shi ke gyara abin.

Wanda bai yi makaranta ba, tunaninsa ɗaya ne da na wanda ya yi?

Wannan tambayar da murya ƙasa-ƙasa ake yi mini ita, kuma na san abin da ke ƙarƙashinta.

A 1931 da 1932 wani masani ɗan Rasha, Alexander Luria, ya zaga ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoman da ba su iya karatu ba wasu tambayoyi. Ga ɗaya: a can arewa mai nisa inda ƙanƙara take, duk dabbar nan beyar fara ce, wuri kaza a can arewa yake, wane launi ne beyar ɗin wurin? Da yawa suka ce su ba su taɓa zuwa ba, a tambayi wanda ya je. Luria ya ɗauki wannan a matsayin alamar cewa ba sa iya cire hukunci daga zance tsagwaronsa. Ni da na karanta labarin, dattawan unguwarmu na gani. Baƙo ya zo da wata magana da ba ka san gaskiyarta ba, ya ce ka yi shaida a kanta. Gani ya kori ji, in ji mutanenmu. Ɗan makaranta kuwa ya saba da wasan da ake cewa "mu ƙaddara haka ne", shi ya sa yake amsawa nan take.

Waɗanda suka warware ƙullin su ne Sylvia Scribner da Michael Cole, da suka yi aiki cikin ƙabilar Vai ta Laberiya suka buga sakamakon a 1981. Wurin ya dace da tambayar, domin karatu iri uku ne a gari ɗaya. Akwai rubutun Vai, wanda Momolu Duwalu Bukele ya ƙirƙiro wajen 1830, a gida ake koyon sa don wasiƙa da lissafi. Akwai Larabci na makarantar allo, akwai Turanci na boko. Ke nan ana iya raba tasirin karatu da tasirin zaman aji. Abin da suka samu shi ne iya karatu kaɗai bai sauya hankalin mutum gaba ɗaya ba, kowane iri abin da ake yi da shi yake kaifafawa. Masu karatun allo sun yi fice wajen riƙe jerin kalmomi in ana ƙara musu ɗaya bayan ɗaya, wato yadda ake ƙarin karatu. Masu rubutun Vai sun iya harhaɗa gaɓoɓi su fitar da ma'ana. 'Yan boko sun fi kowa iya bayyana dalilin amsarsu da baki, tunda abin da malami ke nema a wurinsu ke nan kullum.

A ajina na mata akwai wata hajiya mai sayar da dankali a Farin Gada. Bashin mutum fiye da ashirin ne a kanta, da ranar da kowa ya ɗauka da abin da ya rage. Ran nan na gwada ta da kuɗin buhu goma sha bakwai a cire ladan dillali da na 'yan dako, ina danna waya tana kallon rufi. Ta riga ni. Sannan ta koma kan littafinta tana fama da kalmar "makaranta".

In haka ne, me karatun ke canzawa?

Abu na farko, kunne. A 1979 José Morais da abokansa suka ce wa wasu manya a Fotugal su cire sautin farko daga kalma, kamar a ce cire "k" daga "kaza" a bar "aza". Waɗanda ba su iya karatu ba yawancinsu suka kasa, takwarorinsu da suka koya da girma suka yi. A 1986 aka gwada a ƙasar Sin: masu ilimin da suka san rubutun Sinanci kaɗai, ba su san haruffan abacada ba, su ma suka sha wuya. Ashe jin ƙwayar sauti ɗaya-ɗaya a cikin kalma, harafi ne ke koya wa mutum.

Gaɓa dabam take. Matan da ba su taɓa riƙe fensir ba suna zaurance, suna cusa gaɓa a tsakiyar kalma da gudun da ni ba na iya bi. Shi ya sa a aji nake farawa da ba, bi, bu kafin in fasa gaɓar gida biyu. Malaman allo sun daɗe da gano hanyar: a yi babbaƙu tukuna, alu, ambaki, wau, zal, sannan a shiga farfaru a ɗora wasali.

Da harshe muke tunani, ko tunani dabam harshe dabam?

Kawuna ya sami shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ta ɗauke sai kalma biyu-uku. Masu zuwa dubiya sai su zauna a gabansa suna zancensa kamar ba ya nan, har da batun gonarsa. Wata rana wani abokinsa ya haƙa gurabun dara a ƙofar gida, ya zuba masa tsakuwa a hannun hagu. Kawu ya cinye shi sau uku a jere.

Likitoci sun daɗe da sanin irin wannan. A 1861 Paul Broca ya yi bayanin wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar yawancin abin da ake ce masa. A 2005 Rosemary Varley a Ingila ta nuna wasu maza uku da nahawu ya ɓace musu kusan gaba ɗaya, amma suna warware lissafi mai hawa-hawa a takarda. Evelina Fedorenko ta jami'ar MIT a Amurka ta nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu aikin harshe kusan shiru suke yi lokacin da mutum ke lissafi ko warware wasa ƙwaƙwalwa. Kai ma ka san lokacin da ka ce "yana bakina", ka san mutumin, ka san gidansu, sunan ne ya ƙi zuwa.

Amma kada a kai abin nesa. Harshe yana taimakon tunani ƙwarai: da shi muke riƙe lambar waya a kai, da shi muke tsara abin da za mu faɗa wa surukai. Zancen zucin nan ma ba kowa yake yin sa da yawa ba, wasu kusan kullum, wasu jefi-jefi.

Bahaushe da Bature fa, harshensu na sa su ga duniya dabam?

Kaɗan, a gefe-gefe. Rashanci na da kalma ɗaya ta shuɗi mai haske da wata ta shuɗi mai duhu. A wani gwaji na 2007, Rashawa sun ɗan fi masu Turanci saurin raba launukan biyu, saurin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma da aka shagaltar da su da maimaita lambobi a zuci sai fifikon ya ɓace. Mu namu launukan da yawa aro ne daga abubuwa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ɗorawa, amma je ka kasuwar Terminus ka ce za ka sayar wa mace atamfa ruwan lemo a madadin ruwan goro ka gani. Masu harshen Guugu Yimithirr a Ostareliya ba sa cewa dama da hagu, sai gabas da yamma da kudu da arewa, saboda haka kullum suna sane da inda suka fuskanta. Matafiyinmu da ke sauka a baƙon gari ya fara da "ina gabas?" shi ma ya saba da irin wannan lura, sai dai shi salla ce ta koya masa.

Yarinyata na karanta Turanci tiryan-tiryan, amma in na tambaye ta me ta karanta sai ta yi shiru.

Ta iya rabin aikin. Philip Gough da William Tunmer sun bayyana shi a 1986: fahimtar karatu ita ce iya furta abin da aka rubuta, a ninka shi da fahimtar harshen. Ninkawa fa, ba tarawa ba. In ɗaya sifili ne, amsar sifili ce. Yarinyarka tana mayar da harafi sauti, amma sautin ba ya tarar da kowa a gida.

Turanci ma shi kansa wahalalle ne wajen farawa. Wani bincike na 2003 ya kwatanta 'yan aji ɗaya a ƙasashen Turai. A ƙarshen shekarar farko, yaran Finlan da Italiya da Jamus na karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin da aka ba su daidai, masu Turanci kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, alhali harshen gidansu ne. Dalili, a Turanci harafi ɗaya na iya ba da sauti uku ko huɗu. Bokon Hausa na cikin masu sauƙi, kusan abin da ka gani shi za ka faɗa. A nan gida ma an gwada: daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci duk shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Shawarata ka koya mata karanta Hausa a gida, minti goma sha biyar bayan magariba, Turancin kuma ta riƙa jin sa da ma'ana, ana hira ana nuna abu.

Boko ba ya nuna karin sauti. Ta yaya muke gane "kuka" na ido da "kuka" ta miya?

Jimla ce ke faɗa maka. Ido ba ya bin layi sannu a hankali kamar tururuwa, tsalle yake yi: ya tsaya wajen rubu'in daƙiƙa, ya tsallake haruffa bakwai zuwa tara, yana leƙen abin da ke gaba. Mai karanta boko dama yake leƙa, mai karanta Larabci hagu. Kafin ka isa "kuka", kalmar "miyar" ta riga ta yanke hukunci. Haka "wuya" take, haka "gari". Ajami ya fi boko a nan da abu ɗaya, yana nuna tsawon wasali, saboda haka garin tuwo da garin Jos ba sa kama a ido.

Inda nake faɗa da mutane shi ne ƙugiya. Wani ya turo mini saƙo, "ya bata kudi". Ya ba ta ne, ko ya ɓata? Aure na iya mutuwa a tsakanin biyun.

Ba rubutu ne ke kashe hadda ba?

Tsohuwar ƙara ce. Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya sa a bakin malaminsa Sukurat labarin wani sarkin Masar da ya ce rubutu zai haifar da mantuwa, kuma mun san ƙarar ne saboda an rubuta ta. Akwai gaskiya a ciki, wanda ya dogara da takarda ba ya wahalar da kansa. Amma tsangaya ta nuna cewa biyun na iya zama gida ɗaya: a rubuta a allo, a biya, a wanke, har ranar da alaramma zai rubuta Alƙur'ani duka da ka. Nana Asma'u ma rubuta waƙoƙinta ta yi don 'Yan Taru su haddace su kai ƙauyuka.

Abin da rubutu ke bayarwa shi ne fili. Abubuwan da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda ba su wuce huɗu ko makamancin haka ba. Ninka 347 da 86 a ka, sannan ka yi a takarda. Haka ma hujja: in ka rubuta ta, gobe za ka dawo ka same ta yadda ka bar ta, ka ga inda ka yi wa kanka ƙarya.

Rubutun hannu ko danna waya?

Ga mai fara koyo, hannu. A 2012 Karin James ta jami'ar Indiana ta sa yara 'yan shekara biyar su koyi haruffa ta hanya uku: rubutawa da kansu, bin sawun ɗigo, da danna madannai. Hanyar karatu a ƙwaƙwalwa ta fi tashi bayan sun rubuta da kansu, duk da karkacewar rubutun. Ga manya, wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 54 ya nuna takarda ta ɗan fi fuskar waya ko kwamfuta in bayani ake karantawa, musamman cikin gaggawa. In labari ne babu bambanci.

Yaro mai wayo a komai amma karatu ya gagare shi fa?

Yana iya zama disleksiya. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 da malaminsa ya ce da da baki ake koyarwa duka, da ya fi kowa a makarantar. Galibi matsalar tana wajen rarrabe sautuka da haɗa su da haruffa, kuma tana bin dangi. A fara duba ido da kunne a asibiti, sannan a koya masa sauti da harafi dalla-dalla, kaɗan-kaɗan, kullum. Bulala da kiran sa daƙiƙi ba su taɓa buɗe wa kowa harafi ba.

Malam, na haura hamsin. Ban makara ba?

Ba ka makara ba, Baba. Mutanen Birazil ɗin nan da suka koya da girmansu, ƙwaƙwalwarsu ta nuna sauyi irin na sauran, sai dai gudun karatunsu bai kai na wanda ya fara tun yana yaro ba, kuma sai an dage da maimaici. Amma ka sani in ya kama ba ya saki. Tun 1935 John Ridley Stroop ya nuna cewa in aka rubuta sunan wani launi da tawadar wani launi aka ce mai karatu ya faɗi launin tawadar, sai ya yi tuntuɓe, domin idonsa ya riga ya karanta ko bai so ba.

Akwai wani direba a ajina da ya shekara talatin yana bin hanyar Jos zuwa Kano. A cikin sanyin Disamban da ya wuce ya shigo, hula har kunne, ya zauna bai buɗe littafi ba. Ya ce, "Malam, ka jawo mini aiki. Da in na bi bayan babbar mota fenti kawai nake gani. Yanzu tun daga Saminaka wata ke gabana, na karanta bayanta ya fi sau hamsin, kuma mai rubutun bai sa wa ƙ ƙugiya ba."